Babi na Bakwai: Rijiyar Makaranta

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da ƙa'idojin ruwa da tsafta na makarantun da ba su da ƙarfi. Ma'aunin da suka sa shi ne lita 5 a rana ga kowane mutum, ɗalibi ko malami, idan makarantar jeka-ka-dawo ce, lita 20 kuma idan ta kwana ce. Lita 5 ba ta kai rabin bokiti ba. Amma a ɗauki firamaren ƙauye mai yara 300. Wannan lita 1,500 ke nan kullum, wato jarka 60 mai cin lita 25, ko kura biyar ta 'yan garuwa idan kowace tana ɗauke da jarka 12. Ƙauye kuwa ba a cika samun ɗan garuwa ba. 'Yan garuwar makaranta su ne ɗalibanta, musamman manyan 'yan matan aji biyar da shida, waɗanda za a ɗora wa bokiti a ka tun kafin a gama kiran suna, su dawo an ci rabin darasin lissafi. Inda ba a aike su ba, idan an tashi tara sai yara su watse gida shan ruwa. A bazara, wanda ya taka kilomita guda cikin rana ya isa inuwar ɗakin uwarsa, da wuya ka sake ganin ƙeyarsa sai gobe.

Binciken ƙasa da gwamnatin Najeriya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 11 cikin 100 ne kawai na makarantu suke da ruwa da ban ɗaki da wurin wanke hannu gaba ɗaya. Wannan kuwa bayan shekara uku da ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a watan Nuwamba na 2018. Ba rashin haƙa ne ya kawo haka ba. An yi ta haƙa. A shekarun 1980 hukumomin raya karkara na jihohi irin su KNARDA a Kano sun huda dubban rijiyoyin burtsatse da bashin Bankin Duniya, hukumar DFRRI ta zo a 1986 ta yi nata, hukumar PTF ta biyo baya, ga na 'yan majalisa, ga na ƙungiyoyi, ga na masu neman lada. Duk wanda ya yi yawo a karkara ya san abin da ya rage daga yawancinsu: kan famfo mai tsatsa, hannunsa a sake yana lilo, akuya na kwance a kan daɓen. Ƙididdigar da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta sha nuna cewa a kowane lokaci tsakanin ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a babin nan shi ne, abubuwan da ke kashe rijiyar makaranta, ko su mayar da ruwanta cuta, kusan dukkansu ƙanana ne masu arha. Babban kuɗin, na inji da bututu, shi ne ɓangaren da muka fi iyawa.

Mun taɓa ganin abin da ruwa mai kyau yake yi. Dattawa ba su manta da kurkunu ba, tsutsar nan da ke shiga jiki ta ruwan kududdufi, ta yi shekara guda a ciki, sannan ta huda ƙafa ta fito a daidai lokacin noma. Ƙidayar farko da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta samu mutum fiye da 650,000 ɗauke da ita. Da matacin ƙyalle, da rijiyoyi, da masu bin gida-gida, da goyon bayan Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon, aka ga mai ɗauke da ita na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da ita a 2013. Sauran cututtukan suna nan. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, mafi yawa a jihohin Arewa, kuma rukunin da ta fi kamawa su ne yara 'yan shekara 5 zuwa 14, wato 'yan makaranta. Tsargiya kuwa ta zama ruwan dare a garuruwan da ke bakin tafki da madatsun ruwa, har wasu suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ana raba maganinta a makarantu, yaro ya sha ya warke, ya koma tafkin da ya ɗauko ta domin babu wani ruwan.

Ƙasa ba iri ɗaya ba ce

Kafin a yi zancen inji sai an san abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ƙasar Hausa tana zaune a kan shimfiɗa iri biyu. Akwai tsohon dutse mai tauri, wanda ya mamaye Kano da Zariya da kudancin Katsina da yawancin Zamfara da Bauchi, ya sake ɓullowa a Damagaram. Shi wannan dutse ba ya riƙe ruwa a jikinsa. Ruwan yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, da cikin tsagogin da suka ratsa shi. Shi ya sa za a haƙa a nan a samu, a matsa taku hamsin a haƙa a tashi da ƙura. Damagaram ta daɗe tana shan wahalar ruwa saboda wannan. Sannan akwai kwarin Sakkwato da kwarin Tafkin Chadi, inda rairayi da yumɓu suka hau kan juna hawa-hawa. A nan ruwa ya fi yalwa, sai dai wani lokaci yana da nisa. A Borno an taɓa huda rijiyoyin da ruwa yake tunkuɗo kansa sama ba tare da famfo ba, a arewacin Maraɗi da Damagaram kuwa akwai rijiyoyin makiyaya masu zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiyar wasaki ya ja.

A ƙasar dutse, awon ƙasa wajibi ne. Masu awo sukan kafa ƙarafa a jere su tura lantarki cikin ƙasa, su duba yadda yake ratsawa, domin jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse ya fi busasshe saurin wuce da shi. Aikin yini guda ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da asarar rijiyar da ba ta ba da ruwa ba. Amma sau da yawa ba na'ura ce take zaɓar wuri ba. Wanda ya ba da kuɗi yana so a haƙa a bakin hanya inda masu wucewa za su karanta allon sunansa. Mai unguwa yana so ta matso kusa da gidansa. Hedimasta yana so ta zama a gaban ofis. Kuma babu wanda ya tuna da shaddar makaranta, wadda ƙa'ida ta ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninta da rijiya, rijiyar kuma ta kasance ta sama da gangare, ba ta ƙasa ba. Wani lokaci ma rijiyar ce take rigan shaddar zuwa. Bayan shekara biyu wani ɗan kwangila dabam ya zo da aikin ban ɗaki, ya ga fili kusa da ruwa inda kwaɓa siminti zai yi masa sauƙi, ya haƙa raminsa a nan.

Rijiyar hannu ba abin rainawa ba ce. Inda ruwa yake kusa, maginan rijiya na gargajiya suna iya haƙa ta, a jera mata zobban kankare, a rufe bakinta da murfi, a ɗora famfo. Tana da wata fa'ida da burtsatse ba ta da ita: ranar da famfo ya lalace ana iya buɗe ƙofar murfin a zura guga, kuma ana iya shiga a yashe ta. Sharaɗinta ɗaya, a gama ta a ƙarshen rani, wajen Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi iyakar ja da baya. Rijiyar da aka haƙa da kaka ta samu ruwa a gaba shida, kowa ya yi murna, ita ce za ta ƙafe a bazara lokacin da aka fi buƙatarta. Tsofaffin magina sun san wannan sarai, kamar yadda suka san a zura fitila mai wuta kafin mutum ya sauka, idan ta mutu a fasa shiga. Abin da ke halaka mutane a zamanin nan shi ne injin ban ruwa mai fetur da ake saukarwa ciki don a kwashe ruwa lokacin yasa. Hayaƙinsa ba ya fita. Wanda ya shiga ya faɗi, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

Rijiya buɗaɗɗiya a harabar firamare kuwa ba na ba da shawararta ko kaɗan. Ban da yaron da zai iya zamewa, kowane guga da aka ajiye a ƙasa aka sake zurawa ya tafi da abin da ƙafafu da kofatai suka tattako.

Ranar da injin haƙa ya iso, gari kan tashi kallo. Abin kallon gaske ba ƙarar ba ce. Ƙwararren mai haƙa, duk sandar ƙarfe ɗaya da ta nutse, yakan tari abin da ramin ya tofo ya zuba a ƙasa tsibi-tsibi a jere: jar ƙasa, marmara, yumɓu, ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali, sannan garin dutse mai toka-toka. Idan ka bi jerin da ido ka karanta cikin ƙasar daga sama har ƙasa. Inda tsibin ya fara danshi ya yi duhu, nan idon ruwa yake, kuma daidai nan ne za a saita bututu mai tsaga-tsaga wanda ruwa zai riƙa shiga ta cikinsa. Sauran bututun na roba ne marar huda. Bayan an zura su sai a zuba wankakkiyar tsakuwa ƙanana a kewaye domin tace yashi. Daga nan sai a hura iska mai ƙarfi cikin rijiyar, ruwa ya yi ta feshi jajawur, ya koma fari-fari, har ya zama garau. Wannan wanki yana iya cin sa'o'i, kuma man inji yake ci, saboda haka nan ne wurin farko da ake yanke. Rijiyar da ba a wanke sosai ba za ta yi ta kawo yashi, yashin kuma ya cinye robar famfo cikin 'yan watanni.

Wuri na biyu da ake yanke shi ya fi haɗari, kuma ba a ganinsa. Tsakanin bututu da bangon rami akwai rata. Mitocin sama na wannan rata, kamar biyar ko shida, dole a cike su da kunun siminti, domin kada ruwan sama da fitsarin dabbobi da dagwalon bakin famfo su bi jikin bututu su gangara cikin ruwan sha. 'Yan buhunan siminti ne. Wanda yake sauri yakan mayar da ƙasar da aka haƙo ya cike ratar, ya yi daɓe mai kyau a sama, ya shafa fenti. Ranar buɗewa babu mai iya bambancewa. Sai damina ta sauka, ruwan famfo ya fara gurɓacewa bayan kowane ruwan sama, zawo ya shiga aji ɗaya da aji biyu. Idan ruwan burtsatse yana canja launi bayan an yi ruwa, to daga sama yake yoyo.

Na uku shi ne gwajin ja. A sa inji ya yi ta jan ruwa na tsawon sa'o'i, ana auna yadda ruwan yake sauka da yadda yake dawowa bayan an kashe. Da wannan ake sanin ko rijiyar za ta ɗauki injin sola, ko tuƙa-tuƙa kawai za ta iya, ko ma ba ta cancanci a ɗora mata komai ba. Inda yarjejeniya ta ce ba za a biya ɗan kwangila ba sai ya samu ruwa, kowace rijiya mai ɗan danshi sai ta zama "an samu". Maganin duk waɗannan guda ne, a samu wanda ya san aikin, wanda ba yaron ɗan kwangila ba, ya tsaya a wurin daga farko har ƙarshe. Hukumomin ruwan karkara na jihohi, waɗanda ake kira RUWASSA, suna da irin waɗannan ma'aikata. Kuɗin mai da na abincinsu ne ba a cika sawa a lissafi ba.

Garau ba shi ne lafiya ba

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san ma'auni uku na ruwa: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Idan babu wanda ya jirkita, ruwa mai tsarki ne, a yi alwala a yi wanka. Hukunci ne na ibada, kuma daidai yake a muhallinsa. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan ma'auni a kai shi bakin randa. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari. Alif ko garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma ba su gama da ƙwayoyin cuta ba.

Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga wani nau'in wannan da ba a mantawa. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan wata rijiya mai zurfi. Ruwa ne garau, mai sanyi, babu tsutsa babu laka, kowa ya ce an huta. Shekaru suna tafiya sai haƙoran yara suka fara rinewa, sannan aka fara ganin ƙafafu suna lanƙwashewa, ƙasusuwa suna ciwo. Sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili, cewa ruwan yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance. Ɗaruruwan yara sun nakasa, kuma ƙashin da ya lanƙwashe yana girma ba ya miƙewa don an canja ruwa. Ba wanda ya zuba guba. Daga jikin dutsen ƙasa sinadarin yake narkewa, kuma yara ya fi yi wa illa domin su ne ƙashinsu yake ginuwa. A Najeriya ma an san yankunan Langtang da Kaltungo da rinannun haƙora saboda wannan dalili. Gwajin da zai gano shi kwalba ɗaya ce a kai ɗakin awo.

Saboda haka kafin yaro ya kai ruwan sabuwar rijiya baki, a zuba mata sinadarin kulorin mai ƙarfi ta kwana, a janye shi, sannan a ɗebi ruwa a kai awo: ƙwayoyin cutar bayan gida, waɗanda ƙa'ida ta ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100, da fuloraid, da naitiret mai zuwa daga taki da shadda, da ƙarfe, da tsamin ruwan. Shi tsami yana da nasa aiki. Inda ya yi yawa yakan ci bututun ƙarfe, ruwan safe ya fito ja yana ƙarni, mata su ce yana ɓata tuwo da wanki, a guje shi a koma tafki. Uganda ta kai ga hana sa irin wannan bututu a sababbin rijiyoyi a 2016. Akwai kuma wata 'yar kwalba mai arha da malamin kimiyya zai iya amfani da ita gaban ɗalibai. A zuba ruwan a rufe, a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ya yi baƙi, akwai alamar najasa a ciki. A cika ɗaya daga bakin famfo, ɗaya daga randar aji, a jera su a kan tebur. Sau da yawa ta famfon tana nan yadda take, ta randar ce take baƙi, domin moɗa ɗaya ce hannu sittin suke tsomawa, wasu daga bayan makaranta suka fito. Bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindinsa, da sabulu ko toka a gefe, sun raba wannan gardama.

Na wa ne?

Famfon tuƙa-tuƙa da aka fi gani a Najeriya asalinsa iri biyu ne. India Mark II an ƙera shi a Indiya a shekarun 1970, ƙaƙƙarfa ne, amma idan robar da ke can ƙasa ta cinye sai an zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya, kowane mai tsawon mita 3, cike da ruwa, aikin ƙarti da manyan sifanu. Afridev kuwa an inganta shi a Malawi da Kenya a shekarun 1980 da niyyar mutanen ƙauye su iya gyara shi da kansu. Sifana ɗaya ce take buɗe kansa, a zaro sandunan da hannu ɗaya bayan ɗaya, a canja robar, a mayar, bututun yana nan a wurinsa. Mata biyu da aka koya wa suna gama wannan kafin azahar. A Nijar an fi sabawa da Vergnet, wanda ake takawa da ƙafa. Kowannensu yana da sassan da aka yi su don su cinye a canja, kamar shekara-shekara. Tuƙa-tuƙa mai lafiya yana ba da kamar lita 15 a minti, wato lita 1,500 ɗin makaranta aikin minti 100 ne ba tsayawa. Hutun tara ba zai isa ba, sai an tsara masu cika bokitan aji tun da safe, maza da mata, bi da bi.

Ga yadda abin yakan kasance. Wata rana sai an tuƙa sau talatin kafin ruwa ya zo. Bayan mako biyu sai sau sittin. Yara suna rataya a hannun su uku-uku, ƙusa ta saki, ramin ƙusar ya faɗaɗa. Ran nan ya tsaya cik. Hedimasta ya tafi wurin dagaci.

"Ranka ya daɗe, famfon nan fa ya tsaya. An ce roba ce, ba ta da tsada."

"To Malam, ai kayan gwamnati ne. Kada mu taɓa a ce mun ɓata. A rubuta wa ƙaramar hukuma."

Aka rubuta. Sashen ilimi ya ce aikin sashen ayyuka ne, sashen ayyuka ya ce ba shi ya haƙa ba. Ɗan majalisar da ya haƙa ya faɗi zaɓe. Abin da kuɗin kaza biyu zai gyara a makon farko ya zama na tunkiya bayan wata shida, bayan shekara kuma yara sun cika bututun da tsakuwa.

Rijiyar makaranta ta fi ta gari saurin zama marainiya, kuma dalilin a fili yake. Makaranta rabin yini take aiki, kwana biyar a mako, ga dogon hutu. Malamai yawanci ba 'yan garin ba ne, ana yi musu canjin wuri. Firamaren gwamnati ba ta karɓar kuɗin makaranta, ba ta da asusun gyara. Masu shan ruwan kuma yara ne, ba su da bakin magana a fada. A ɗaya gefen, idan famfon makaranta shi ne kaɗai ruwa mai kyau a garin, gari zai zo, kuma yana da gaskiya. Famfon da aka yi wa lissafin yara 300 sai ya koma ɗaukar mutum dubu da shanunsu, daga asuba har dare. Wasu shugabannin makarantu sukan sa sarƙa da kwaɗo. Mai riƙe da makullin sai ya zama macijin rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai ranar da ya ga dama, kuma ƙarshenta akan samu wanda zai fasa kwaɗon da dare, ya haɗa da hannun famfon.

Abin da na ga ya fi tsayawa shi ne a yarda tun farko cewa rijiyar ta gari ce da makaranta tare, a zauna a yanka sharuɗɗa kafin inji ya iso. Lokacin karatu na ɗalibai ne, asuba da yamma na gari. Dabbobi a yi musu kwami nesa, inda magudanar ta ƙare. Kwamitin kula da makaranta da kwamitin ruwa na gari su zama tsintsiya ɗaya a kan wannan magana, kuma a sa mata a ciki da gaske, domin su ne suke fara jin famfo ya yi nauyi, su ne kuma za su koma tafki idan ya mutu. Kuɗi kuwa a tara shi kafin a buƙace shi. Manomi ba shi da tsabar kuɗi kowane wata, amma da kaka tiya ɗaya ta gero daga kowane gida ba ta gagara, a adana a sayar a bazara lokacin da hatsi ya yi daraja. Da kuɗin a sayi robobi da ƙusoshi a ajiye tun famfo yana lafiya, a kuma san makaniken da ke yankin da lambar wayarsa. Masu neman lada su ma akwai abin faɗa musu. Kowa ya san falalar shayar da ruwa, an san Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sai dai kowa sabuwa yake so ya haƙa. Kuɗin sabuwa ɗaya zai tayar da matattu da yawa, kuma sadaka mai gudana sai ruwan yana gudana.

Kwaɗayin sabon abu ya taɓa kai manyan duniya ga abin kunya. An ƙirƙiro wani famfo a Afirka ta Kudu mai suna PlayPump, lilo ne mai juyawa, yara suna wasa yana jan ruwa zuwa tanki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi suka yi alkawarin fiye da dala miliyan 16 don yaɗa shi, aka kafa shi a makarantu, wani wuri ma aka cire tuƙa-tuƙa mai aiki aka sa shi. Ashe yara ba sa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa, ba sa kuma yi na tsawon da ake buƙata. A Mozambik sai ga mata, har da tsofaffi, suna tura lilo da hannu, idan ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. Kafin 2010 ta ƙare iska ta fice daga maganar.

Namu sabon abin yanzu shi ne sola, kuma ba na kushe shi. Ga makaranta yana da amfanin da tuƙa-tuƙa ba shi da shi. Rana tana cika tanki, a jera kawunan famfo shida ko takwas, a kai ɗaya cikin ban ɗakin 'yan mata, abin da ke hana manyansu zama gida kwanaki a kowane wata. Ragowar ruwan ya shayar da zogale da 'yan bishiyoyin inuwa. Amma sai rijiyar tana da ƙarfin da gwajin ja ya tabbatar, in ba haka ba injin da ke ciki zai ja iska ya ƙone. Farantan sola suna son a share musu ƙurar hunturu, tanki yana son murfi da wanki, kuma ɓarayi suna son farantan da injin duka, musamman a dogon hutu lokacin da harabar ta zama kango. Gyaransa ba na tiyar gero ba ne. Garin da bai iya canja robar tuƙa-tuƙa ba, a yi tunani sau biyu kafin a ɗora masa sola ba tare da maigadi da asusu mai ƙwari ba.

Saura takarda. Kowace burtsatse tana da bayananta: zurfinta, inda ruwa ya tsaya ranar da aka gama, inda aka saita bututu mai tsaga, zurfin da aka rataye famfo, irin famfon, da sakamakon awon ruwa. Makaniken da ya zo gyara bayan shekara biyar, idan ba shi da waɗannan, lalube zai yi, wani lokaci ya saki sanda ta faɗa ciki. Ɗan kwangila yakan tafi da takardar, ko ta shige fayil a hedikwata, hedimastan da ya ga aikin kuma an mayar da shi wani gari. A nemi kwafi uku kafin a biya kuɗin ƙarshe, ɗaya a ofishin makaranta, ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin kwamiti. Zurfin rijiyar da na famfon da shekarar haƙawa kuma a sa magini ya zana su da ƙusa a jikin daɓen tun simintin yana ɗanye.